Allura Mai Jan Zare

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidan da kike. Ni ma lafiya ƙalau nake, sai 'yar mura da ta zagaya ɗakin kwananmu, ta kuma wuce.

Wataƙila ba za ki gane mai rubutun nan ba. Ni ce 'yar marigayi ɗan baffanki, wadda kika gani a kotu ranar da aka yanke wa Mama hukunci. Ina tsaye bayan ginshiƙi da kayan makaranta, kika zo kika ce in daina cizon farce. Na kusa dainawa.

Maganar Mama ce ta sa na rubuto. Tun da aka kai ta gidan yarin garinku ba ta taɓa fashin rubuto mini ba, kuma duk ƙarshen mako takan bugo waya ofishin metiron, a kira ni daga wurin wanki in rugo da kumfa a hannu. Yanzu komai ya tsaya. Na yi ta zama a bencin ofishin har metiron ta fara kawar da kai in ta gan ni, wayar ba ta yi ƙara ba. Wasiƙuna biyu sun dawo ba a buɗe ba, an buga musu hatimi wai ba a karɓa ba. Ba a rubuta dalili ba.

Ba mu yi faɗa ba. A wasiƙarta ta ƙarshe raha ma take yi. Kin san tela ce, to ta wasiƙa take koya mini ɗinkin hannu. Takan zana mini yadda zare ke tafiya, ni kuma in gwada a ɗan ƙyalle in aika mata ta duba, don mai duba wasiƙu ta yarda da ƙyalle in bai wuce tafin hannu ba. Na aika mata ƙofar maɓalli ta farko da na yi, ina jiran ta yi mini dariya, sai na ji shiru.

Hutu ya kusa, kuma ta yi mini alkawarin wannan karon zan gan ta, ta ce ta sa sunana cikin masu ziyara. Ke kaɗai ce danginmu a garin, ke ce kuma mai zuwa wurinta. Na san aikin wanki a asibiti ba ya barin ki ki huta, na kuma san ba dolenki ba ne. Amma don Allah ki je ki tambayo mini. Ko me aka ce, ki rubuto mini yadda aka faɗa.

Ki yafe mini tsawon takarda.

'Yarki.

*

'Yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta bayan injin wanki. Lafiyata lau, in ban da hannuwa da ruwan bilic ya gama tsattsagawa. Na gane ki mana. Masu cizon farce a kotu ba su da yawa a danginmu.

Uwarki tana nan da ranta da lafiyarta. An dakatar mata da ziyara na ɗan lokaci. Ta ce kada ki rubuto mata, kada kuma ki tambayi kowa komai. Ki bi abin da ta ce, ki kama karatunki.

Ni kuma ina da tawa tambayar. Wa ke rufe ambulan ɗinki? Ke da kanki kike liƙewa, ko a buɗe kike miƙa wa metiron ɗin nan? Wa ke kai su gidan waya? Akwai wanda ya taɓa ba ki wani abu ya ce ki haɗa da saƙonki, ko malami, ko ƙawa, ko mai gadin ƙofa? Ki amsa mini ɗaya bayan ɗaya, yadda kuke yi a jarrabawa. Ban da kwana-kwana.

Ki sha ruwan ɗumi saboda murar, ko da kin ce ta wuce.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gode da amsa, Allah ya ba hannuwanki lafiya. Ni ina nan lafiya. Mun fara bitar jarrabawa, sai dai kaina ba ya riƙe komai.

Ga amsoshinki. Ni nake liƙe ambulan da kaina. Metiron tana tara su a kwando, masinjan makaranta ya kai gidan waya. Babu wanda ya taɓa ba ni komai in haɗa. Ban gane abin da ya sa kike tambaya ba, ke kuma ba ki faɗa ba.

Gwaggo, ba ni da niyyar yin rashin kunya, amma na karanta takardarki har na haddace ta, kuma akwai abin da ya ƙi zama mini daidai. Kin ce an dakatar da ziyara. To a ina kika gan ta har kika san tana lafiya? Kin ce ta ce kada in rubuto. Da bakinta ta faɗa miki? In an hana ki shiga, ta yaya maganarta ta fito?

Akwai wata 'yar ajinmu da kawunta gandiroba ne a wani gari. Ban faɗa mata ko wace ce tawa ba, na tambaye ta ne kamar labarin wata. Ta ce in wasiƙa ta dawo ba a buɗe ba, ɗayan uku ne: ko an canza wa mutum gida, ko shi ya ƙi karɓa, ko kuma ba ya nan gaba ɗaya. Na ukun ne ya hana ni cin abincin rana. In shi ne, ban yi ƙanƙanta da in sani ba. Ni na riƙe fitila lokacin jinyar Baba.

Na biyun kuwa ban yarda da shi ba. Kin san abin da ya kai ta wurin. Mutumin nan da aka ɗaure ta a kansa, ni ya riƙe wa hannu a cikin shago, ba ita ba, kuma saboda ni ta ɗauki almakashi. Wadda ta yi haka ba za ta wayi gari ta ce in daina rubuto mata ba.

Zan faɗi wani abu, ki yi haƙuri. Tun ina ƙarama na ji ana cewa ke ba ki so auren Baba da Mama ba, har kin ce ya rasa wadda zai kawo dangi sai mai ƙarar keken ɗinki. Mama ba ta taɓa zagin ki a gabana ba, sai dai in an ambace ki takan ƙara wa keken gudu. Da aka ce ke ce ke kai mata sabulu da zani, na yi mamaki, na kuma ji daɗi. Yanzu ban san abin da zan ɗauka ba. In dangin Baba ne suka ga ya fi kyau a raba ni da ita don kada sunansu ya ɓaci, a faɗa mini a fili. Ba zan yarda ba, amma aƙalla zan san da wa nake magana.

Ina jiran amsarki.

'Yarki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ni ma haka.

Masinja ya je gidan waya ya dawo sau da yawa, babu takardarki. Ban sani ba ko fushi kika yi, ko kuma na faɗi gaskiya ne shi ya sa babu amsa.

Na yi magana da shugabar makarantarmu. Da ƙyar na iya, don sai da na je ƙofar ofishinta na koma har sau biyu. Ta ce in ina so za ta taimake ni in rubuta wa shugabar gidan yarin kai tsaye, da hatimin makaranta, a tambayi inda Mama take da abin da ya sa ake dawo da wasiƙuna. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen mako. In ban ji daga gare ki ba, zan rubuta.

Ban so in tsallake ki ba.

'Yarki.

*

Ke yarinya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, ko da yake na yi shi, kuma na gode da darasin tarihin dangi. Injin busarwa ne ya mutu, muka koma shanya zannuwan gado na asibiti guda a igiya, in na dawo gida ko biro ba na iya riƙewa. Amma maganar hatimin makaranta ta tashe ni zaune. Kada ki rubuta wa kowa. Tunda kin ce kin girma, ga shi nan, ki ɗauka.

Uwarki tana ɗakin horo. Wani ɓangare ne can bayan gidan, inda ake keɓe wadda ake zargi da karya doka. Ita kaɗai a ɗaki. Babu ziyara, babu waya, babu takarda mai shiga ko mai fita. Abin da ya dawo miki da wasiƙunki ke nan, ba ita ta ƙi su ba, ko ganin su ba ta yi ba.

Kin tambayi yadda maganarta ta fito. A bakin ƙofar gidan akwai rumfa da benci inda muke jira, mu masu ɗaure da leda. Duk abin da ke faruwa a ciki, a rumfar nan ake fara jin sa. Ranar da aka maido ni da sabuluna, na zauna ina tunanin wa zan tambaya, sai ga wata doguwar mata an sallame ta, tana tambayar wace ce gwaggon 'yar tela. Ita ce ke share barandar ɗakin horo kafin ta fita. Ta ce ƙofar ƙarfe ce mai ɗan rami a tsakiya inda ake turo kwano, taga kuwa can sama, sai dai ki san gari ya waye. Sau ɗaya a yini ake fito da mutum ya miƙe ƙafa a wani ɗan fili, shi ma shi kaɗai. Ta ramin kwanon nan uwarki ta raɗa mata saƙon da na ba ki. Ban ƙara ba, ban rage ba. Lafiyar da na ce miki, ita ma daga bakin matar na ji. Ta ce tana cin abincinta, tana kuma yi wa masu gadi gyaran yadda suka ɗaura ɗamara.

Laifin kuwa allura ce. An same ta a cikin katifarta. Kin san uwarki, ba ta iya ganin yagaggen tufafi ta kawar da kai. Wata 'yar ɗakinsu rigarta ta yage a hammata, ta ɗinke mata. Da jan zare, a kan shuɗiyar riga. Ɗinkin ya yi kyau har gandiroba ta tsaya kallo, daga nan aka juye ɗakin.

A wurinki allura ba komai ba ce. A wurinsu makami ce, balle a hannun wadda almakashi ya kawo ta. A ɗakin ɗinki na gidan, kowace allura da sa hannu ake bayar da ita, da yamma a karɓe, kuma nasu duk sun cika. Ke nan daga waje ta shigo. Sun tambaye ta, ta ce tsinta ta yi. Sun ce a ina, ta ce ta manta. Muddin ba ta faɗa ba tana nan a ɗakin, kuma kwamitin horo zai zauna a kanta. In suka rubuta makami ne, za a mayar da ita babban gidan da ke can nesa, inda ko ni ko ke ba mai iya zuwa. Wanda kuma aka gano shi ya shigo da ita, za a soke sunansa, ba ziyara ba takarda.

Ni ma sun kira ni ofis. Wata jami'a mai tabarau ta zaunar da ni, ta fito da abin a 'yar leda kamar wata zinariya. 'Yar gajeruwa ce, kafarta ruwan gwal, da guntun jan zare a jiki. Ta ce ko na san ta. Na ce ni ko maɓalli ban iya dasawa ba.

Yanzu kin ga dalilin tambayoyina. Mutum biyu ne ke aika mata abu daga waje, ni da ke. Ni na san abin da na kai. Ke kuma na ɗauka yarinya ce mai hankali da wani ya yi amfani da ambulan ɗinta, shi ya sa na zargi metiron ɗinku, na zargi masinja, har matar da aka ɗinke wa riga na zarga. Kin ce ba kowa. To ni dai tunanina ya ƙare.

Maganar auren ubanki kuwa, na faɗa, ban musa ba. Har gobe ina ganin uwarki ta cika taurin kai. Ba a ce sai kina son mutum za ki kai masa sabulu ba.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan hannuwanki sun yi sauƙi. Ni ban san abin da zan ce game da lafiyata ba.

Allurar tawa ce.

Ta shagonmu ce, Mama ta ba ni ita ranar da zan taho makaranta. Jan zaren kuma shi ne na yi ƙofar maɓallin da shi. Na tabbata ta warware ɗinkina ne ta yi amfani da shi, don kada a ga ƙyallen a gane inda ya fito.

Ga yadda aka yi. A shagonmu akwai doka ɗaya da ta fi kowace: ba a ɗaga hannu daga aiki sai an soke allura a gefensa. Ba a ajiye ta a tebur, ba a riƙe ta a baki. Tun ranar da wata allura ta faɗi ƙasa ta shige ƙafar ɗan wata mai kawo ɗinki, Mama ta kafa wannan doka, kuma na sha rankwashi a kanta har hannuna ya koya ba tare da kaina ba. Ranar da na gama ƙofar maɓallin, lokacin karatun yamma ne, aka buga ƙararrawa ana ta tashi. Na soke ta cikin kalmasar ƙyallen, can ciki yadda ba za ta soki kowa ba, na ninke, na sa a ambulan, na liƙe. Ban tuna na yi ba sai da na karanta kafa ruwan gwal a takardarki.

Abin da ya fi ba ni kunya, washegari na neme ta ban gani ba, na ce mai gadon samana ce ta ɗauka. Har yanzu ba ma magana. Na zarge ta, na zargi dangin Baba, na zarge ki, alhali ni na liƙe ambulan ɗin da yawuna. Ki yafe mini abin da na rubuta miki.

Na gane abin da Mama take yi. In ta miƙa allurar, za a tambayi inda ta fito, a soke sunana. Shi ya sa ta ɓoye, shi ya sa ta ce in yi shiru. Karo na biyu ke nan tana shiga ɗaki a rufe saboda ni.

Ba zan bi maganarta ba wannan karon. Na riga na rubuta wa shugabar gidan bayani, na faɗi komai yadda ya faru, na ce Mama ba ta nema ba kuma ba ta sani ba. Na san za a hana ni rubuta mata, za a hana ni ganin ta a hutu, wataƙila har ta fito. Na yi kuka a kan wannan na gama. Gara tana kusa ba na jin ta, da a kai ta inda ba mai zuwa.

Abu biyu nake roƙo. Ki aiko mini yadda ake rubuta adireshin ofishin da ya dace, don kada takardar ta ɓata a hanya, kwamiti ya zauna ba ta iso ba. Sannan in an soke sunana, ki riƙa gaya mata na ci jarrabawa ko ban ci ba. Gaskiya kawai.

'Yarki.

*

'Yar boko,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. An gyara injin busarwa, hannuwa sun fara komawa na mutane.

Ba zan aiko miki adireshi ba, don an riga an gama. Ki ajiye takardarki.

Wadda kika aiko mini ta same ni da hantsi a wurin aiki. Na karanta, na ce wa shugaban wanki cikina na ciwo, na cire safar hannu na hau mota. Ko rumfa ban zauna ba. Na ce ina son ganin jami'ar nan mai tabarau, na tuna wani abu.

Na ce mata allurar tawa ce. Na ce zanin da na kawo wa matar ɗan'uwana kwanan baya bakinsa ya warware, na kama shi da jan zare a mota, na manta ta a kalmasa. Ta ce ba ni ce na ce ko maɓalli ban iya dasawa ba? Na ce ai shi ya sa na manta allura a ciki, mai iyawa ba ta mantawa. Ta sauke tabarau ta dubi bakin siket ɗina. Da fil uku na kama shi, tun bara. Ta daɗe tana kallon fil ɗin nan.

Sai ta buɗe fayil ɗin uwarki, ta ce akwai yarinya mai aiko da ƙyalle, ko ba haka ba. Na ce akwai, 'yar makaranta ce, shirin jarrabawa take yi, ita ke nan gare ta. Ta rufe fayil, ta turo mini takarda da biro.

Ta ce, "Kin san abin da kike sa wa hannu?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Ba ziyara, ba saƙo, ba ko sabulu. Shekara guda."

Na ce dama ni da ita ba ma shiri.

Ban sani ba ko ta yarda. Ina ganin ba ta yarda ba, ta dai rubuta. Irin waɗannan mutane ba ka sanin cikinsu, don haka ki riƙe bakinki. Kada ki faɗa wa shugabar makaranta, kada ki faɗa wa 'yar gidan gandiroba, takardar nan ma in kin karanta ki yayyaga ta.

Kwamiti ya zauna. Sun rubuta sakacin mai ziyara, ba makami ba. Sun ɗora mata laifin ɓoyewa, suka ce zaman da ta yi ya isa, sai dai ba ta da waya na wani lokaci, kuma an hana ƙyalle daga yau. An mayar da ita ɗakinsu. Matan rumfa sun ce ta fito tana ƙifta ido kamar wadda aka tasa daga barci, ta rame, muryarta ta dishe don rashin magana, amma da ƙafarta ta taka. Ba za a kai ta ko'ina ba. Sunanki yana nan.

Na san halinki, yanzu kina can kina cewa ƙarya ce. Ƙarya ce mana. Amma ki yi lissafi, ke da kika iya. In kika aika taki, za a soke ki, ni ba za a maido ni ba, a ƙara mini da laifin yi wa hukuma ƙarya, ita kuma ta zauna ba mai rubuto mata ba mai leƙo ta. Ni in na je, me muke yi? Ta ce na kawo sabulu mai warin asibiti, in ce ta gode wa Allah. Ke kuwa takardarki take sawa ƙarƙashin matashi. Matar nan mai shara ta faɗa mini.

In an yi hutu ki taho wurina. Akwai jami'ar walwala mai shiga da yara, na yi magana da ita. Zan raka ki har rumfa, in zauna a bencina.

Ki je ki ba mai gadon samanki haƙuri.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma fatan ciwon cikin da kika faɗa wa shugaban wanki ya warke. Ni lafiya lau. Mun gama jarrabawa, lissafi ya yi sauƙi, tarihi ne ban tabbata ba. Na ba mai gadon samana haƙuri. Ta ce ta ji, amma sai ta yi tunani.

Na jinkirta amsa ne don ban san yadda zan fara ba. Na yayyaga takardarki yadda kika ce. Tawa kuwa, ta shugabar gidan, na daɗe ina ɗauke da ita a aljihu. Sau ɗaya har na kai ta bakin kwandon metiron. Na yi lissafin da kika ce in yi, na sake yi ta wata hanya ko zai ba da amsa daban, bai bayar ba. Ban aika ba. Ban ji daɗin kaina ba, kuma ina ganin ba zan ji ba nan kusa. Ban san yadda ake gode wa mutum a kan abin da bai kamata ya yi ba. Na gode, Gwaggo.

Wasiƙar Mama ta zo. Rubutunta ya ƙanƙance, layukan suna gangarawa ƙasa. Ba ta ambaci ɗakin ba, ba ta ambaci komai ba, sai cewa ta yi 'yar tafiya ta dawo, kuma yanzu in mutane biyu suka yi magana lokaci guda kanta yakan yi ciwo. A ƙasan shafin akwai sa hannun mai dubawa da jan biro, wanda da ba a yi. Ina ganin jami'ar nan ce ke karantawa da kanta yanzu. Don haka duk kalmar da zan rubuta sai na juya ta sau biyu.

Akwai saƙonki a ciki. Ga shi yadda ta rubuta: "Ki ce wa gwaggonki na ji abin da ta yi da zanina. Mace har ta tsufa ba ta iya kalmasa ba. Ki ce mata sabulun da ake ba mu a nan ba ya kumfa, kuma babu wanda zan yi wa ƙorafi ya mayar mini da magana. Ki tambaye ta hannuwanta."

Na karanta wurin sau da yawa. Ina ganin kin fi ni sanin abin da take nufi.

An ce takarda ɗaya kawai za a riƙa karɓa a kowane ambulan, kuma sai da rubutun hannun wadda ba a soke sunanta ba. Ba a ce ba zan iya ba ta labarin dangi ba. Na cika gaban takardar da nawa, bayan kuma na bar shi fari. Ki aiko mini abin da za ki ce mata, ko zagi ne, zan kwafe shi da hannuna yadda kika faɗa. Ba zan liƙe ambulan ba sai amsarki ta iso.

'Yarki.